Tambaya ta Huɗu

Litinin, 11 ga Oktoba, 1971, bayan la'asar

Yau 'yan aji biyar sun kusa sa in haɗiye alli. Darasin auna fahimta muka yi na Turanci, kuma guntun labarin da ke cikin littafinsu na wani mai zane ne a ƙasar Turawa, wanda ya shekara yana zana ƙanƙara a kan rufin coci. Ƙanƙara! Yaran da ko ruwan firji ba su taɓa sha ba. Na karanta, na sake karantawa, na yi ta fama da hannu kamar mai korar kaji, su kuwa sun zuba mini ido. Da na tambayi abin da mai zanen yake ji a ransa, wani gwani daga baya ya ce sanyi. Wallahi ban san sa'ad da na jefa masa tsumman goge allo ba.

Ga jarrabawar fita watan gobe. Kowa ya san dokar, wanda ya faɗi Turanci ya faɗi duka, ko da ya cinye lissafi da sauran, ba shi ba takardar shaida.

Mutum ɗaya ce ta hana ni ajiye aikin nan in koma rumfar Baba a kasuwa, Lidiya. 'Yar wani ƙauye ce a bayan Kakangi, can cikin daji, uwarta maginiyar tukwane. Ita ce mace ta farko daga wurinsu da ta kai aji biyar, kuma aikin jinya take so. Yarinyar nan idan ta karanta abu sau ɗaya, ta ga inda amsa ta kwanta. Idan ta ci, ni Abarshi na ci.

Na yanke shawara, ni zan rubuta musu labari da kaina a kan abin da suka sani. Su riƙe ƙanƙararsu.

Laraba, 13 ga Oktoba, bayan azahar

Na tsayar da Lidiya bayan an tashi, na ce ta ba ni labarin sana'ar uwarta. Ashe akwai abu a ƙasa.

Kowa a kasuwar Birnin Gwari ya san tulunan ƙauyensu da zanen da ke wuyansu, kamar igiyar ruwa da tsuntsaye a kai. Ni da a zatona da hannu suke yi. Ta ce a'a. Akwai wani tsohon tulu da kakar kakanninsu ta gina, suna ce masa Tsohuwa, yana ajiye a daji. Kowace shekara idan ruwa ya ɗauke, kafin gashin farko, matan maginai sukan je wurinta. Kowacce ta manna ɗanyen yumɓu a wuyan Tsohuwa ta ɗauko zanen, da shi za ta yi ta buga wa tukwanenta har rani ya ƙare. Idan damina ta sauka sai a farfasa abin bugun, baɗi a koma a ɗauko sabo. Ba addini ba ne, ta ce, akwai masu zuwa coci a cikinsu, akwai masu salla. Gado ne. Mata kaɗai ke zuwa, uwa ce ke nuna wa 'yarta hanya, namiji kuwa ko miji ne ba a gaya masa.

Na ce, a ina take?

Ta shiga murza gefen ɗankwalinta.

Na ce, "Haba Lidiya, da Turanci za ki faɗa, ai motsa baki ne na jarrabawa. Wane dattijo ne a ƙauyenku yake jin Turanci?"

Ta yi dariya, ta faɗa, Turanci tsaf babu gargada. Ba zan rubuta wurin a nan ba, da Hausa ai tonon asiri ne.

Tana bakin ƙofa ta juyo ta ce, "Malam, amma kada ka sa wurin a ciki."

Na ce to.

Jumma'a, 15 ga Oktoba, bayan an sauko masallaci

Madalla! Tun da na fara koyarwa ban taɓa yin darasi irin na yau ba. Jiya na buga labarin a tafireta, na gurza kwafi da kaina har tawada ta ɓata mini riga, Hajjo matata tana ta mita. Yau na raba. Aji ya yi tsit. Har gwanin sanyi sai da ya ɗaga hannu don ya san amsa.

Labarin auna fahimta yana da ƙa'idarsa. Dole a sami wane ne, da yaushe, da don me, da a ina, kuma dole amsar ta kasance a cikin labarin, ba a kan yaro ba. Haka masu jarrabawa suke yi, ba ni na ƙago ba. Labarin da ba shi da "a ina" gurgu ne.

Tambaya ta huɗu, ta "a ina", kowa ya ci ta. Kowa da kowa.

Lidiya ba ta rubuta komai ba. Ta karanta, ta kife takardar, ta yi ta kallon taga har aka buga ƙararrawa. Kunya ce ta 'yan mata, an sa labarin gidansu a gaban aji. Za ta huce.

Talata, 19 ga Oktoba, da hantsi

Mun yi baƙo a Landroba, shi da direbansa. Baƙar fata ne kamarmu, amma Turancinsa ta hanci yake fitowa. Ya ce yana zagaya makarantu ne yana tattara gajerun labarai a kan zane da sassaƙa da waƙa, za a yi littafin karatu na 'yan ƙasa. Firinsifal Malam Labaran ya turo shi wurina. Ya karanta nawa a tsaye, ya cire tabarau ya ce bai ga irinsa ba tun daga bakin teku. Ya ce sunana zai fito a littafi. Kaina ya kumbura, ba zan ɓoye ba.

Ya nemi kwafi. Akwai ragowa a aljihun tebur.

Sunansa ya faɗa mini, amma ban riƙe ba.

Alhamis, 21 ga Oktoba, bayan shan ruwa

An ɗauki azumi. Lidiya tana gaishe ni, amma a ƙasa take kallo.

Litinin, 25 ga Oktoba, da safe

Kujerar Lidiya babu kowa. Matar da ke kula da ɗakin kwanan 'yan mata ta ce wani dattijo ya zo ranar Asabar ya tafi da ita, ko akwatinta ba ta ɗauka ba. Wai uwarta ce ba lafiya.

Allah ya sawwaƙe.

Laraba, 27 ga Oktoba, bayan azahar

Ba rashin lafiya ba ne.

Ina cikin aji aka kira ni ofishin Firinsifal. Wani tsoho na zaune a ƙasa, ya ƙi kujera, sandarsa a kan cinya. Bakoji, wan uban Lidiya, shi ne babba a ƙauyen tun da ubanta ya rasu. Ya zaro takarda daga aljihu, ta yi maiƙo, da alama wani yaro ne ya naɗe ƙosai da ita ya kai gida. Tun daga nesa na gane tawadata.

Ya ce, "Malam, kai ka rubuta wannan?"

Na ce, "Baba, darasi ne."

"Malamin cocinmu ya karanta mana, ya juya mana da yarenmu. Da ya kai tsakiya na ce ya yi shiru, akwai maza a wurin. Ni na haihu a garin nan, na tsufa a ciki, ban san wurin ba sai daga takardarka."

Ya ce ranar Alhamis matan sun tashi da asuba da yumɓunsu, suka je, suka tarar babu kowa a wurin. Haka ya faɗa, babu kowa. An ga sawun taya a bakin rafi, inda ko jaki ba ya bi.

Na fara yi masa bayani cewa da Turanci ne, kuma a aji kaɗai aka raba. Ya dube ni ya ce, "To masu mota da wane yare suke karatu?"

Malam Labaran kuwa sai ya shiga gyaran takardu a kan tebur, ya ce makaranta ba ta san da wannan darasi ba, ba ya cikin manhaja. Mutumin da ya turo mini baƙon da bakinsa! Na ce a yi haƙuri da yarinyar, jarrabawarta ta kusa. Bakoji ya miƙe ya ce maganar yarinya ba tawa ba ce. Ya bar takardar a ƙasa ya fita.

Alhamis, 28 ga Oktoba, da safe

Ba ni na ɗauke Tsohuwa ba.

Alhamis ɗin dai, bayan la'asar

Yara nawa ne suka karanta? Aji guda. Akwai 'ya'yan maharba a cikinsu, akwai 'ya'yan dillalai. Kowa na iya kai magana kasuwa. Yau na tsaya a gaban allo ina bin fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya, har suka tsargu. Me ya sa sai baƙona za a zarga? Landroba ɗaya ce a duniya?

Mun koma labarin ƙanƙara. Ba wanda ya yi dariya.

Jumma'a, 29 ga Oktoba, bayan shan ruwa

Hajjo ta ajiye mini kunu ta zauna, abin da ba ta saba ba. Magana ta riga ta zaga gari, har gidan Baba an kai.

Ta ce, "Malam, yarinyar ta san za ka sa wurin?"

Na ce ke ina ruwanki da aikin makaranta.

Ta ce, "Tambaya na yi. Kai ma kullum ita kake yi wa 'ya'yan mutane."

Na ce ta ce kada in sa.

"Kai kuma ka ce me?"

Na ture kwanon, kunu ya zube a tabarma. Na ce mata ba ta san abin da ake kira ƙa'idar darasi ba, ko sunanta ba ta iya rubutawa. Ta ɗauko tsumma ta goge, ba ta ce uffan ba. Shirun matar nan ya fi zagi ciwo, kuma ta sani.

Na ji kunyar abin da na gaya mata. Ban ba ta haƙuri ba tukuna.

Asabar, 30 ga Oktoba, da magariba

Na je. Tun da asuba na hau keke, daga Kakangi kuma sai turawa, don hanyar ta zama ta ƙafa, ciyawa ta fi ni tsawo, ga ƙudan tsando, ga azumi. Na isa rana tsaka maƙogwarona kamar an zuba toka.

Ban taɓa ganin gari shiru haka ba. Ko'ina ɗanyun tukwane ne jere a inuwa, tuluna, randuna, kasake, wuyansu sumul babu zane. An tara itace da ciyawar gashi a fili, ba a kunna ba. Wasu tukwanen har sun fara tsagewa. Abin da za su kai kasuwa su ci har damina ke nan. Yaran da na gani duk suna gida. An ce an cire 'yan firamare ma, ba wanda zai ƙara zuwa boko daga garin.

Na yi sallama a gidan Asibi, uwar Lidiya. Ta fito. 'Yar ƙaramar mace ce, Hausarta a hankali take tafiya, kamar mai taka duwatsun rafi. Hannunta na dama naɗe yake da tsumma har gwiwar hannu. Ban tambaya ba. Wurin da take gini a tsakar gida an share shi ƙal, ba dutsen gogewa, ba ƙwarya, ba komai. Shi ma ban tambaya ba.

Na durƙusa na ce, "Inna, na zo ba da haƙuri."

Ta ce, "Ka sha ruwa." Sai ta tuna, ta ce, "Af, kuna azumi."

Na ce laifin ba na Lidiya ba ne.

Ta ce, "Ni na kai ta wurin Tsohuwa bara. Mata suka ce kada ki kai 'yar boko, bakinsu a buɗe yake. Na ce 'yata ce. Ni na riƙe hannunta na manna mata yumɓu." Sannan ta ce, "Kai ka taɓa ganin Tsohuwa?"

Na ce a'a.

"To yaya ka rubuta ta?"

Na hango Lidiya a bayan rumbu tana dakan yumɓu, da zane ɗaya, kanta a aske. Ta gan ni. Ba ta daina dakan ba.

Bakoji ya ƙi ganina. Ya aiko cewa dattawa da manyan mata za su zauna, abin da suka yanke zan ji. Na ce a gaya masa jarrabawa ranar ashirin da uku ga watan gobe ce, ba a ɗaga ta don kowa. Ɗan aiken ya dube ni kamar na yi maganar banza a gidan makoki.

A hanyar dawowa na tsaya a bakin rafi. Sawun yana nan, ya bushe a cikin laka. Na san inda ya nufa, ai ni na kwatanta.

Litinin, 1 ga Nuwamba, bayan azahar

Na je tasha ina tambayar Landroba. Wani direba ya ce ya gan ta ta yi hanyar Kaduna. Wani ya rantse Funtuwa ta nufa. Mai shayi ya ce ba ɗaya ba ce, biyu ne, kuma akwai Bature a ta biyun. Wani ɗan kamasho ya ce, "Malam, duk wannan a kan tulu? Zo in kai ka inda za ka sayi goma." Allah ya so ina azumi.

Malam Labaran ya ce shi ma bai riƙe sunan baƙon ba.

Laraba, 3 ga Nuwamba, da safe

Kujerar tana nan. Na hana kowa zama a kai.

Jumma'a, 5 ga Nuwamba, bayan la'asar

Na kwaso ragowar kwafin daga aljihun tebur na kai murhu. Hajjo ta matsa mini na zuba da kaina. Ta ce, "Wanda ke cikin kan yaran fa?"

Na ba ta haƙurin wancan daren. Ta ce ya wuce.

Ni aikina na yi. Yaran nan ba su taɓa fahimtar komai kamar yadda suka fahimci wannan ba. Wannan ai gaskiya ce, ko ba gaskiya ba ce?

Lahadi, 7 ga Nuwamba, da hantsi

Ranar kasuwa ta zo ta wuce, rumfar masu tukwane wayam. Mata na ta tambaya.

Talata, 9 ga Nuwamba, bayan azahar

Ba labari. Na sake duba tsofaffin takardun Lidiya, wai ko zan gane inda take da rauni in shirya mata. Ba ta da rauni. Jan alƙalamina ko'ina "da kyau", "da kyau ƙwarai". Na rufe.

Alhamis, 11 ga Nuwamba, bayan shan ruwa

Malamin cocinsu ya zo gari sayen kananzir, ya biyo ta gidana. Mutumin kirki, shi ma abin ya dame shi, ya ce da ya san abin da ke cikin takardar da bai buɗe baki ba.

An zauna, an yanke. Asibi ba za ta ƙara taɓa yumɓu ba har ta mutu. Lidiya kuwa an ba ta zaɓi. Ko ta zauna a gari, ta manta da takarda, a yafe mata bayan shekaru. Ko ta koma makaranta, amma daga ranar ba ta ƙara kwana a ɗakin uwarta, ba ta ƙara shan ruwan garin, ko gawa aka yi ba a aiko mata.

Na ce wannan wane irin zalunci ne, a kan yarinya! Na ɗaga murya har maƙwabta suka leƙo. Ya bari na gama, sannan ya ce, "Malam, su a ganinsu sun yi sassauci. Ba tulu aka ɗauke musu ba, hannun kakarsu ne. Yanzu duk wadda ta gina tukunya a garin, tukunyar kowa ce."

Na ce me Lidiya ta zaɓa. Ya ce ba ta magana.

Jumma'a, 12 ga Nuwamba, da safe

Idan ta zauna, na kashe mata karatu. Idan ta zo, na raba ta da uwa. Na rasa wanne zan roƙa a salla.

Lahadi, 14 ga Nuwamba, bayan la'asar

Sun zo.

Ina zaune a zaure na hango mata biyu tafe. Asibi a gaba, da ƙunshi a kafaɗar hagu yadda matansu ke ɗaukar kaya, Lidiya a baya. A ƙafa suka taho tun daga can. Hajjo ta shigar da su, ta kawo ruwa. Asibi ta sha, Lidiya ta riƙe kofin kawai.

Asibi ta ce, "Ita ta ce za ta zauna da ni. Ni na ce ba ki isa ba. Hannuna ya tafi, Tsohuwa ta tafi, ke ma ki zauna ki zama me? Na jawo ta."

Ta kwance ƙunshin. 'Yan kayan Lidiya ne, da wani ƙaramin tulu gasasshe, wuyansa sumul. Ta ce matan sun gaji da jira sun yi gashi a haka, yunwa ba ta jira. Wannan shi ne na ƙarshe da ita ta gina kafin a hana ta, wata ta saka mata shi cikin wuta a ɓoye.

Ta tura mini shi da hannun hagu. Na ce, "Inna, ban cancanta ba."

Ta ce, "Ba kyauta ba ce. Ka ajiye inda za ka riƙa gani." Sannan ta ce, "Kai ka ce tana da kai. To ka sa ta ci. Abin da ya rage mana ke nan."

Na ce in Allah ya yarda za ta ci, na yi alkawari.

Lidiya ta ɗago ta dube ni, karo na farko. Na gane abin da na faɗa, alkawari, da wadda na faɗa a gabanta. Na sunkuyar da kai.

Asibi ta ƙi kwana. Ta yi wa 'yarta magana da yarensu, gajeruwa, ta shafa mata ƙeya. Lidiya ta raka ta har bakin zaure, daga nan uwar ta ɗaga mata hannu, ta tsaya. Ba wadda ta yi kuka. Hajjo ce ta shiga ɗaki ta yi musu.

Talata, 16 ga Nuwamba, bayan azahar

Lidiya ta koma ɗakin kwanan 'yan mata, ta koma kujerarta. 'Yan aji sun yi mata kara, ba wanda ya ce komai. Tana karatu kamar za ta cinye littafin. Rubutun insha'i ta yi mini shafi biyu, ba kuskure ko ɗaya.

Alhamis, 18 ga Nuwamba, bayan azahar

Mun yi gwajin auna fahimta, daga littafi, labarin wani masaƙi. Da na tattara takardu ban ga ta Lidiya ba. Ta ce ciwon kai. Na kira ta gefe na tambaye ta da baki abin da labarin ya ƙunsa, ta zayyana mini tas. To ai shi ke nan, ta gane. Gajiya ce.

Gajiya ce kawai.

Asabar, 20 ga Nuwamba, da hantsi

Salla. Na je idi na dawo. Hajjo ta aika wa Lidiya tuwo da nama. Tulun yana kan taga, na juya shi ta bango, na sake juyo shi.

Litinin, 22 ga Nuwamba, bayan la'asar

Gobe. Na fere wa Lidiya fensir, na ba ta alƙalamina mai kyau. Na ce ta karanta tambayoyi kafin labarin, ta ja layi a ƙarƙashin inda amsa take, kamar yadda muka saba. Ta ce, "To, Malam."

Irin "to" ɗin bai yi mini daɗi ba.

Talata, 23 ga Nuwamba, da magariba

Ba a barin malamin darasi ya shiga ɗakin jarrabawa, don haka a gindin mangwaro na wuni. Da aka fito na karɓi takardar tambayoyi a hannun wani yaro. Na karanta, na ce alhamdu lillahi. Labarin wani tsoho ne mai zana jiragen kamun kifi a wani tsibiri, mai sauƙi, ko gwanin sanyi ya fito yana washe baki. Irin wanda Lidiya ke gamawa tun wasu ba su rubuta suna ba.

Ita ce ta fito ƙarshe. Ta miƙo mini alƙalamina.

Na ce, "Yaya? Ai kin ga banza."

Ta ce insha'i ta yi, ta cika shafi.

Na ce, "Auna fahimtar fa?"

Ta ce, "Na karanta, Malam. Na gane duka. Na ja layi ma."

"To?"

"Tambaya ta farko, wai a ina tsohon yake ɓoye zanensa idan baƙi sun zo tsibirin. Na ga amsar, tana layi na shida. Na ɗora alƙalami." Ta dubi hannunta. "Shi bai ce in faɗa ba."

Na ce, "Lidiya, labari ne! Babu tsohon nan a duniya, wani ne ya zauna ya ƙaga shi!"

Ta ce, "Haka 'yan aji suka zaci namu."

Ba ta amsa ko ɗaya ba, daga ta farko har ta ƙarshe. Ta ce duk wadda ta duba sai ta ga wani ne ke tambayar hanya. Rabin makin takardar ke nan. Na yi shekaru ina duba irin takardun nan, ba sai sakamako ya fito ba, na san abin da zai ce. Ita ma ta sani.

Muka tsaya a gindin mangwaron har fili ya watse.

Can ta ce, "Malam, idan an gama sauran takardun za a rufe ɗakin kwana. Ina zan je?"

Na kawo ta gida. Hajjo ba ta tambaye ni komai ba, ta dube ni, ta dube ta, ta shiga ta share ƙaramin ɗaki ta shimfiɗa tabarma. Da ta rasa abin da za ta zuba mata ruwan sha, sai ta ɗauko tulun nan daga taga. Lidiya ta karɓa da hannu biyu. Ina kallo babban yatsanta yana zagaya wuyan tulun, yana neman zanen.

Laraba, 24 ga Nuwamba, da asuba

Asibi za ta aiko a tambaya. Ban san wanda zai juya mata wannan da yarensu ba.